Ba a Gaida Mai Awo

Alhamis, 13 ga Mayu, 1999, da hantsi

Bismillahi. Na sayi littafin nan ne don rubuta sunayen masu kawo aiki, amma yau abin da ke raina zan zuba a ciki, tunda takarda ba ta kai gulma.

Ni Babaji Mai Rediyo, a aji uku na tsaya a sakandare, kuma babu wanda ya ɗaga ni. Da kwali ɗaya na tsofaffin wayoyi na fara gyaran rediyo a gindin bishiyar bedi a Ƙofar Sauri. Ni na koya wa kaina karanta taswirar cikin rediyo, ƙamus na gefe. Ni na sayi tafireta na koyi bugu da yatsa biyu. Ni na fara kawo injin fotokofi layinmu. Na gina shago mai ɗaki biyu, na je Makka, na kai ɗana Abba har ya gama karatun kwamfuta a Kaduna. Kwamfuta ukun da ke shagon nan, ɗaya bayan ɗaya na ɗauko su daga Kano a kan cinyata. Wanda ya taimake ni da ko allura, ya fito ya faɗa.

Na kawo wannan ne don a san ni ba mutumin da bai san darajar aiki ba ne.

Yau kwana biyu Abba bai zauna a teburinsa ba. Yana zuwa da safe, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya taya masu buga takardu abin da ya samu, ya tafi. Kwamfutarsa na lulluɓe da ƙyalle.

Ranar Talata inji ya mutu. Shi ke nan. Inji ai yakan mutu.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin yake. Wata ƙungiyar manoma ta wajen Batagarawa, mutum dubu biyu da ɗoriya, ita ta ba Abba aiki. Furogiram zai rubuta musu wanda zai riƙe sunan kowane manomi da gonarsa, don taki ya daina tafiya gidan wanda ba shi da kunyar gona, ba shi da ta ido. Shugabansu Malam Yari, wanda ke awon hatsi a Babbar Kasuwa, ya ce a gama kafin ruwa ya zauna. Wata uku Abba yana kai.

Ranar Talata babu wuta, janareta na aiki a bakin ƙofa. Sai ga Alhaji Ɗanliti, wanda ya ci kansila, shi da jama'arsa, zai ba da aikin katin walima. Mutum ya tako da ƙafarsa, yana "ina gajiya", ana ganin bakinsa na motsi ba a jin komai. Wane gida ne ake karɓar baƙo haka? Sai aka kashe inji. Minti biyar, ba su ma cika ba.

Daga bayana na ji Abba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A hankali ya faɗa, kamar an yi masa rasuwa. Wai kwamfutar tana tsakiyar jera sunaye aka yanke mata wuta, komai ya dagule.

Na ce, to ina kwafin da ka ajiye? Faifan da ya ajiye kwafin, ashe an ɗauka makon jiya an zuba katin bikin wasu a kai. Faifai ne a kan tebur, babu rubutu a jikinsa. Wa zai sani?

Asabar, 15 ga Mayu, da azahar

Bai zauna ba.

Lahadi, 16 ga Mayu, bayan magariba

Hajiya Delu ta ajiye mani tuwo, ba ta tashi ba. In ta yi haka akwai magana. Ita ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Alhaji, ka ji wancan naka ya samu takarda daga Ikko?"

Na ce wace takarda?

"Matarsa Ramla ta faɗa mani. Wani kamfani ne. Wai ɗaki za su ba shi shi kaɗai, wuta ba ta ɗaukewa. Tun watan jiya take aljihunsa bai amsa ba. Biyar ga watan gobe suke jiran ji."

Na ce Allah ya ba da sa'a. Na ce ni ma ai babu wanda ya riƙe ni.

"Ka ce masa ya zauna mana."

Na ce ni? In roƙi ɗan da ke ɗauke da sunan mahaifina, wanda ko ainihin sunan nasa ban taɓa kira ba? Mi zan ce masa?

"Ni dai ban ce komai ba. Masu magana ne suka ce girman kai rawanin tsiya."

Na ce to ni hula nake sawa. Ta yi dariya ta ɗauke kwanon. Loma uku na ci. Miyar ce gishiri ya yi mata yawa.

Talata, 18 ga Mayu, da safe

Mako guda ke nan.

Ana cewa na sa teburinsa a bakin hanya. E, ni na sa. Tsakanin ƙofa da injin fotokofi, inda duk mai wucewa zai gan shi. Don me zan ɓoye shi? Duk layin nan akwai wanda ɗansa ke yi wa kwamfuta magana ta ji? In baƙo ya zo nakan ja hannunsa in ce zo ka ga Injiniya. Ba zan iya duban yaro in ce masa ya burge ni ba, ba a yi mu haka ba. Amma in na faɗa wa baƙo yana kusa, ai kunnensa ba toshe yake ba.

Kuma shi ma yana da nasa. Sai ya zauna rabin awa yana kallon bango, hannu a haɓa, ko madanni ɗaya bai taɓa ba. In na ga haka nakan ce, Abba, tunda ba abin da kake yi, leƙa ka gano mana mai tawada. Bara har rubutu na karɓo masa, na ɗauka wani abu ne ya shafe shi. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya ce na gode Baba.

Ya shanye duka. Yanzu nake tuna yadda ya dube ni.

Laraba, 19 ga Mayu, bayan la'asar

Yau ya yaye ƙyallen. Ya ɗauko takardun manoman da wani tsohon kwafi na watan Maris ya fara daga can. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina. Sai ga ƙanen liman ya zo fotokofin takardar fili, ban san lokacin da na ce masa zo ka ga Injiniya ba.

Abba ya miƙe. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya Malam, ya jikin Inna, babu wadda ya tsallake. Da mutumin ya fita ya koma ya zauna, ya dubi gilashin kwamfutar, ya daɗe, sai ya dafe kai.

"Baba, don Allah in yi magana?"

Na ce ina ji.

"In kun ga ina kallon bango, lokacin nake aikin. Abu bakwai ko takwas nake riƙe da su a ka, wannan na jingine da wancan. Ana cewa salamu alaikum sai su zube. Kafin in tattara su, rabin awa ta wuce. Jiya da na ƙirga a raina, a yini sai a tashe ni sau ashirin."

Na ce yanzu gaisuwa ce ta zama laifi? A Katsina, ɗakin kara? Na ce mu da muka yi aiki a gindin bishiya, jaki na kuka, babur na wucewa, mun mutu?

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarku, Baba."

Bai ambaci inji ba. Bai ambaci faifai ba. Tun ranar bai ambata ba ko sau ɗaya. Da ya ambata da na samu abin yin faɗa a kai.

Alhamis, 20 ga Mayu, da yamma

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse. Na ce alhamdu lillahi, sannan na ce astagfirullah. Manoma na jiran ruwa ni ina murna.

Asabar, 22 ga Mayu, da azahar

Na je Babbar Kasuwa wurin Malam Yari in nemi ya ƙara mana kwanaki. Na tarar yana auna wa wata mata gero, tiya na shiga buhu, bakinsa na motsi. Na yi sallama. Ko ɗagowa bai yi ba. Na ja gefe na zauna kan buhu ina jira, raina fes. Wasu mutum biyu suka zo, suka ga yana awo, su ma suka tsaya shiru. Sai da ya kife tiyar ya kaɗe hannu sannan ya juyo.

"Wa alaikumus salamu, Alhaji Babaji! Ka yi haƙuri, ka san mai awo ba a gaishe shi. In na amsa maka a ta ashirin da bakwai, sai in zazzage buhun in koma ta ɗaya."

Na ce haba, wa bai san wannan ba?

Ina rufe baki na ji kamar an watsa mani ruwan randa. Wa bai san wannan ba. Shekara hamsin da huɗu ina shiga kasuwar nan, ban taɓa jin haushin mai awo ba, ban taɓa cewa ba shi da tarbiyya ba. Shi abu ɗaya yake riƙe da shi a ka. Ɗana kuwa takwas.

Malam Yari ya ce, "Lafiya, Alhaji? Ka yi shiru kamar an ci ka tara."

Na ce masa aiki ya samu matsala, inji ya mutu. Ya ce shi ba ya da ikon ƙara kwana, taki na isowa farkon wata, in babu takarda daga kwamfuta za a koma rabon da, mai baki ya kwashe. Na ce to ba za a koma ba. Na ce ya ba ni aron tsohuwar tiya. Ya dube ni, ya ce, "Awo za ka fara da tsufanka?" Ya dai ba ni wata mai lanƙwasasshen baki.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Ɗakin baya na shagon, inda na adana kayan gyaran rediyona, shekara tara a kulle. Teburina na farko na ciki, da kwalin nan, da rediyo goma sha ɗaya waɗanda masu su ba su dawo ba. Nakan buɗe wa baƙo in nuna masa daga inda na taso.

Yau na kwashe. Ni kaɗai, ban kira kowa ba. Na share, na wanke, na kafa ƙusa a jikin ƙofar. Kayan suna zauren gida. Hajiya ta leƙo ta ce, "Wannan tarkacen fa?" Na ce tarihi ne. Ta ce tarihin ya tare mata hanyar ɗibar ruwa.

Litinin, 24 ga Mayu, da hantsi

Da ya zo ya tarar teburinsa ba ya nan. Na ga fuskarsa ta canza, ya ɗauka korarsa na yi. Na ce wurin fotokofi ya yi mana kaɗan, na mai da kai ciki. Na miƙa masa tiyar. Na ce in ka rataye ta a ƙusar nan, awo kake, babu mai shiga, har ni. In ka sauke, a gaisa.

Ya juya tiyar a hannunsa. Ya shiga, na ji ƙararta a jikin ƙusa.

Na kuma ajiye masa kwalin faifai sabo da alƙalami a kai.

Laraba, 26 ga Mayu, da yamma

Kwana biyu ina fama da batiran babbar mota guda biyu da tiransifomar da na naɗa da hannuna. Dabarar ita ce kwamfutarsa ta riƙa shan wuta daga batir kullum, wutar gari da inji aikinsu cika batir kawai. Kamar randa: ko famfo ya ɗauke, mai sha bai sani ba. Haɗin farko ya yi hayaƙi ya ƙona mani babban yatsa. Na biyu ya juya fanka yini guda. Aji uku na sakandare.

Abin da ya fi haɗa wayar wuya shi ne zama a bakin ƙofar nan. Jiya na kawo masa kunun zaƙi mai sanyi, na tarar tiya na rataye. Na tsaya da kofi a hannu har ƙanƙarar ta narke. Masu buga takardu suna ta ƙunshe dariya. Na shanye abina.

Juma'a, 28 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Alhaji Ɗanliti ya dawo karɓar katinsa, da mutum shida a bayansa. Ya ce, "Ina Injiniyan namu? In gaishe shi, in nuna wa mutanena."

Na ce yana awo.

"Awon mi?"

Na nuna masa tiya. Na ce duk gaisuwar da ka zo da ita, ba ni, ni ne wakilinsa. Ina gajiya? Babu gajiya. Ya aiki? Da godiya. Ya iyali? Lafiya lau suke. Na amsa masa tas, har da ta jikin Ramla.

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Alhaji Babaji, gobe soja za su koma bariki, ashe saura na shagonka."

Na ce ranka ya daɗe, ku aka zaɓa, ni gado na yi.

Ya ɗauki katinsa. Aikin kalandar da ya yi mani alkawari, na ji a bakin ƙofa yana tambayar mutanensa wani shagon. Ya tafi da shi. Gabana ya faɗi, ba zan ɓoye wa takarda ba. Amma ƙofar ba ta buɗu ba.

Asabar, 29 ga Mayu, da azahar

Gari ya cika da hon da kiɗa, 'yan acaɓa sun ɗaura ganye suna zagaye. Ni ina kan benci a bakin ɗakin baya, rediyo a kunne, na rage murya ina jin ana miƙa mulki. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, fotokofi ya tsaya. Na kasa kunne.

Daga ciki na ji madannai na ci gaba, ƙwas ƙwas ƙwas. Can kuma na ji ya yi dariya shi kaɗai. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Talatar nan.

Ban tashi inji ba sai da na ƙara sauraro kaɗan.

Litinin, 31 ga Mayu, da la'asar

Saura kwana biyar. Ba na ƙirgawa.

Talata, 1 ga Yuni, da hantsi

Ya sauke tiya da kansa ya ce, "Baba, ku zo ku ga wani abu." Karo na farko da ya kira ni wurin aikinsa, ba ni na kai kaina ba.

Ya ce ya maido komai, amma akwai inda ya maƙale tun kafin ɓarnar. Sani Musa goma sha tara ne a ƙungiyar, huɗu ƙauyensu ɗaya. Kwamfuta na ɗaukarsu mutum guda. Ya ba su lamba, amma wane manomi ne zai riƙe lamba?

Na ce kai, Injiniya, wa ya taɓa kiran mutum Sani Musa a ƙauye? In ka je neman Babaji Aliyu a Ƙofar Sauri sai ka yini. Ce Mai Rediyo, a kawo ka har zaure. Buɗe musu gurbin laƙabi.

Ya dube ni, ya dubi bango. Na gane. Na lallaɓa na fita, na rataye masa tiyar da hannuna.

Alhamis, 3 ga Yuni, bayan la'asar

Malam Yari ya zo da littafin laƙabi da dattawa biyu. Ya ce a nemo masa Sani Musa. Abba ya danna, suka jeru: Sani Gajere, Sani Mai Jaki, Sani Ba-Ka-Wanka. Dattawan suka fashe da dariya, ɗaya na cewa, "Wallahi shi ne, har na'ura ta san shi!" Suka nemi wani da suka sani ba shi da ko taƙi ɗaya na gona, kwamfuta ta ce babu shi. Malam Yari ya rungume takardun a ƙirji kamar jariri.

Suna fita ruwa ya sauko, na farko mai ƙarfi. Wannan karon alhamdu lillahin tawa babu istigfari a bayanta.

Aiki ya ƙare. Yanzu babu abin da ya riƙe shi.

Juma'a, 4 ga Yuni, da safe

Hajiya ta ce in yi magana. Na ce na yi iyakar wadda na iya.

Asabar, 5 ga Yuni, da hantsi

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Bai tashi ba. Na ce to, ga ta nan, na gyara zama, na shirya cewa Allah ya kiyaye hanya ba tare da muryata ta ba ni kunya ba.

Ya ce, "Baba, ɗakin nan yana da zafi da rana. Ina ganin kafin bazarar baɗi a fasa masa taga ta arewa."

Na ce baɗi?

"E. Kuma wata makaranta na son irin wannan na ɗalibai. Zai ɗauki kamar wata shida."

Na dubi titi. Na ce taga ai ba wani abu ba ce, magini na nan. Na ce tashi ka ba ni wuri, ina da aiki. Ya tashi yana murmushi. Wani abu ya faɗa mani a ido, ƙurar fotokofi ce.

Kafin ya rataye tiya ya nuna mani shafin farko na furogiram ɗin, wanda ke fitowa in an kunna. Sunan ƙungiya, sunansa, shekara. Ya ce ya bar layi ɗaya a ƙasa, ko akwai abin da nake so a sa.

Akwai. Na ce ba na son "godiya ga mahaifina", kowa na da uba. A rubuta abin da aka yi, yadda aka yi shi, duk manomin da ya zo karɓar taki ya gani. Na ba shi a takarda don kada ya rage ko harafi:

"Alhaji Babaji Mai Rediyo, Ƙofar Sauri. Shi ya kashe inji. Shi ya haɗa batir, shi ya tsare ƙofa."

Ya ce, "Baba, na farkon fa?"

Na ce da hannuna na kashe shi, babu wanda ya taimake ni. A rubuta, kuma da manyan baƙaƙe.